FASHIN BAƘI: Idan sabunta Windows ya tsaya a hanya, ga yadda masu kwamfuta a Katsina za su ceci bayanansu kafin a yi fomatin

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya daina kula da manhajar Windows 10, bayan shekara goma yana yi mata gyara kyauta. Kwamfutocin da ke aiki da ita ba su mutu a ranar ba. Suna kunnuwa, suna buga takardu, suna shiga intanet kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da kamfanin ke aikowa duk wata domin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Tun daga lokacin mai tsohuwar kwamfuta ya shiga tsaka mai wuya: ko ya zauna da manhajar da aka daina yi wa faci, ko ya koma Windows 11, wadda ba kowace na'ura take karɓa ba.

A unguwa irin Ƙofar Sauri da ke birnin Katsina, maganar ta shafi mutane da yawa da ba su taɓa mallakar kwamfuta ba. Wadda ke kan teburin shagon buga takardu ita ce ofishin talakan unguwa. A kanta ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Al-Qalam, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman yake buga kundin bincikensa. A kanta ake cike fom ɗin hidimar ƙasa, da na rancen karatu na NELFUND, da na neman aikin soja ko ɗan sanda. A cikinta akwai hotunan takardar NIN, da takardun haihuwa, da sakamakon jarrabawar mutanen da suka bar su can bisa amana.

Matsalar takan zo da kama ɗaya. Mai shago ya kai kwamfutarsa wurin mai gyara domin a ɗora masa Windows 11. Mai gyara ya zaro filashi, ya ɗora abin da ke ciki, aka biya shi, kowa ya kama gabansa. Bayan 'yan makonni na'urar ta fara sabunta kanta, ƙidaya ta kai wani wuri ta tsaya cak, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin. Da aka sake kunnawa sai rubutun Turanci ya fito cewa ana warware canje-canjen da aka yi, ko kuma ta riƙa mutuwa tana tashi ba tare da ta buɗe ba. A nan ne ake jin hukuncin da ya fi sauƙi ga mai gyara, ya kuma fi tsada ga mai kaya: a yi fomatin, wato a shafe komai a fara daga farko.

Sau da yawa lamarin bai kai ga haka ba. Sabuntawar da ta gaza tana barin shaida a rubuce, tana kuma barin hanyar komawa baya ta 'yan kwanaki. Amma kafin a taɓa komai, akwai abin da ya kamata a tantance: shin Windows ɗin da ke kan na'urar gamammiya ce, ko kuwa ta gwaji ce da kamfanin bai kammala ba?

Mece ce Windows ta gwaji?

A watan Oktoba na 2014, watanni tara kafin fitowar Windows 10, Microsoft ya buɗe wani shiri mai suna Windows Insider. Duk mai sha'awa yana iya shiga kyauta, a riƙa aiko masa da zubin manhajar da ba a gama ba, ya gwada, ya kai rahoton kurakuran da ya gani. Kamfanin yana samun miliyoyin masu gwaji ba tare da ya biya su ba, su kuma suna ganin sabbin abubuwa kafin kowa.

A tsarin da kamfanin ya fitar a watan Maris na 2023, an kasa masu gwajin rukuni huɗu. Rukunin Canary shi ne a sahun gaba, inda ake aika ɗanyen aiki da ba a tace sosai ba. Dev na biye da shi, sai Beta da ya fi su natsuwa, sai Release Preview wanda ya kusa zama abin da za a saki ga kowa. Kamfanin da kansa yana gargaɗin cewa zubin sahun gaba yana iya hana kwamfuta aiki yadda ya kamata.

Abubuwa biyu ne suka sa zubin gwaji ya zama tarko ga wanda bai san yana kansa ba. Na farko, na sahun gaba yana da wa'adi. Idan ranar ta cika ba a sabunta ba, na'urar takan fara gargaɗi, daga baya ta riƙa sake kunna kanta, tana ma iya kaiwa ga ƙin tashi. Na biyu, shiga ta fi fita sauƙi. Windows ba ta yarda a sauko daga zubi mai babbar lamba zuwa mai ƙarama ba tare da an shafe abin da ke kai ba, don haka wanda ke rukunin Canary ba shi da hanyar komawa gamammiyar manhaja sai ta sabuwar ɗorawa.

Tantancewar ba ta ɗaukar minti guda idan kwamfutar tana buɗewa. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta winver. Idan akwatin da ya fito ya nuna kalmomin "Evaluation copy" da ranar ƙarewar wa'adi, to ta gwaji ce. Irin wannan rubutu yakan bayyana kuma a kusurwar dama ta ƙasan allo.

Yadda ake faɗawa ciki ba da niyya ba

Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, da sharuɗɗa masu tsauri. Tana buƙatar RAM gigabait 4, da rumbun ajiya gigabait 64, da wata ƙwayar tsaro da ake kira TPM 2.0. Wanda ya fi kayar da mutane shi ne sharaɗin firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar: a ɓangaren Intel, sai jeri na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Lambar farko bayan layin tsakiya ce ke nuna jerin. Core i5-6200U na shida ne, Core i5-8250U na takwas. Kwamfutocin hannu da aka saba gani a kasuwannin Najeriya, irin su HP EliteBook 840 G3 da Lenovo ThinkPad T460, na jeri na shida ne. Lafiyarsu ƙalau, amma a idon Microsoft ba su cancanta ba.

Wannan ne ya buɗe ƙofar bin ta bayan gida. Akwai manhajoji irin su Rufus da ke cire sharuɗɗan daga filashin ɗorawa, akwai kuma kwafin Windows da wasu suka yi wa kwaskwarima suna yawo a intanet. Kwafin asali ya haura gigabait 5, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, sauke shi ya ƙara nauyi ga aljihu. Saboda haka filashi ɗaya yakan zagaya shaguna da dama, kuma ba lalle wanda ke riƙe da shi ya san asalin abin da ke ciki ba.

Haɗarin ya wuce na gwaji. A watan Yuni na 2023, kamfanin tsaron intanet na Doctor Web ya bankaɗo wasu kwafin Windows 10 na sata da aka dasa wa manhajar leƙen asiri. Aikinta shi ne sauya adireshin asusun kuɗin kirifto da mutum ya kwafa zuwa na ɓarayin. Garin neman ƙiba akan samo rama.

Ko gamammiyar manhaja tana iya yin ɓarna idan aka yi gaggawar sakinta. Ranar 2 ga Oktoba, 2018, Microsoft ya saki wani babban sabuntawa na Windows 10 ba tare da ya bi ta matakin gwaji na ƙarshe ba. Cikin 'yan kwanaki aka janye shi, domin ya goge fayilolin wasu mutane. Daga baya ya bayyana cewa masu gwaji sun kai rahoton matsalar watanni kafin nan, amma rahotannin sun nutse cikin tarin wasu. Sai ranar 13 ga Nuwamba aka sake sakinsa. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa.

Abin da ke faruwa a ciki yayin sabuntawa

Sauya Windows ya yi kama da ƙaura daga tsohon gida zuwa sabo a fili ɗaya, kuma yana bin matakai huɗu.

A mataki na farko tsohuwar manhajar tana nan tana aiki. Ana sauke sabuwar, ana duba ko na'urar ta cika sharuɗɗa, ana ƙidaya kayan da za a kwashe. Gazawa a nan ba ta da haɗari, domin ba a rushe komai ba tukuna.

A mataki na biyu kwamfutar tana mutuwa ta tashi cikin wani ɗan ƙaramin tsari na wucin gadi. A nan ake tattare tsohuwar Windows a zuba ta cikin wata folda mai suna Windows.old, a shimfiɗa sabuwar a gurbinta. A mataki na uku sabuwar tana tashi karon farko, tana gane sassan na'urar ta hanyar direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta yi magana da firinta, da sikana, da allo, da rumbun ajiya. A na huɗu ake dawo da saitin mai kaya da asusunsa, har allon maraba ya bayyana.

Idan wani abu ya karye a tsakanin mataki na biyu da na huɗu, an tsara manhajar ta juya da kanta ta dawo da tsohuwar. Saƙon warware canje-canje da ke tayar wa mutane hankali alama ce cewa wannan kariya tana aiki. A kan tsohon rumbun ajiya mai faifai, juyawar na iya ɗaukar sa'o'i. Kashe na'urar da ƙarfi a wannan lokaci shi ne ke mayar da ƙaramar matsala babba.

A nan ne wutar lantarki ta shigo cikin lissafi. Katsina na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO tare da Kano da Jigawa, kuma jama'ar yankin ba su manta duhun Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta bar yawancin Arewa babu lantarki fiye da mako guda. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS, ko laftof ɗin hannu da batirinsa ya mutu, ba abin fara babban sabuntawa da su ba ne sai an tabbatar da janareta ko sola da za ta riƙe aikin har ƙarshe.

Yadda ake karanta lambar kuskure

Bayan ta juya, Windows takan nuna lambobi biyu. Ana iya ganinsu a tarihin sabuntawa ko a akwatin da ke fitowa bayan an buɗe. Ta farko tana faɗin irin matsalar, ta biyu tana faɗin inda ta faru. A ɗauki hotonsu da waya kafin a rufe akwatin.

Wadda aka fi cin karo da ita ita ce 0xC1900101. Ma'anarta an juya baya, kuma galibi wani direba ne sanadi. Lambar da ke biye da ita ce ke ƙara haske, domin adadin farko bayan 0x shi ne matakin. Idan an ga 0x20017, an tsaya a mataki na biyu. Idan 0x30018 ce, wani direba ya daina amsawa a mataki na uku. Idan 0x4000D ce, an kai mataki na huɗu ana kwashe bayanai sannan abu ya karye.

Sauran sun fi sauƙin fahimta. 0xC1900208 na nufin akwai wata manhaja da ba ta jituwa da sabon zubin, sau da yawa tsohuwar rigakafin bairos. 0xC1900200 na nufin na'urar ba ta cika sharuɗɗa ba, kuma maimaita ƙoƙari ba zai sauya hakan ba. 0x80070070 na nufin babu isasshen wuri a rumbun ajiya. 0x800F0922 kuwa tana nuna ko dai an kasa isa ga rumbun Microsoft ta intanet, ko kuma ɗan ƙaramin sashen da na'urar ke tashi daga cikinsa ya cika.

Ga wanda ke son ganin cikakken bayani, manhajar tana rubuta duk abin da ta yi a wani fayil mai suna setuperr.log da ke cikin ɓoyayyiyar foldar $Windows.~BT. Tun daga zubin 2020 kuma, akwai wata manhajar bincike mai suna SetupDiag da ke tashi da kanta idan sabuntawa ta gaza, ta ajiye sakamakonta a foldar Logs da ke cikin foldar Windows. Sau da yawa takan ambaci sunan direban da ya jawo matsalar. Mai gyaran da bai duba waɗannan ba, ya ce sai fomatin, ya yanke hukunci ne ba tare da sauraron shaida ba.

Matakan gyara, bi da bi

Mataki na farko shi ne ceton bayanai. Idan kwamfutar ta dawo kan tsohuwar manhaja, a kwafe duk muhimman fayiloli zuwa filashi ko rumbun waje kafin a sake gwada komai. Idan ta ƙi buɗewa, ana iya tayar da ita daga filashin da ke ɗauke da manhajar Linux ba tare da an ɗora ta ba, a kwashe fayilolin, ko a cire rumbun ajiyar a haɗa shi da wata kwamfuta.

Na biyu, idan tana mutuwa tana tashi, a bar ta ta gaza tashi sau biyu a jere. A karo na uku takan shiga ɗakin gyara mai shuɗin allo. Daga nan a bi Troubleshoot, sai Advanced options, sai Uninstall Updates, a zaɓi cire babban sabuntawa na ƙarshe. Wannan hanya ta dogara ne da foldar Windows.old, wadda manhajar ke gogewa da kanta bayan kwana 10. Wanda ya goge ta da hannunsa don neman wuri ya rushe gadar komawarsa.

Na uku, bayan an dawo, a rage abin da zai iya kawo cikas. A cire firinta, da sikana, da na'urar ɗaukar zanen yatsa, da kowane filashi. A cire manhajar rigakafin bairos ta wani kamfani na ɗan lokaci. A samar da wuri a rumbu, a sabunta direbobi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. A kuma duba kwanan wata da agogo, domin a tsofaffin na'urori ɗan batirin da ke riƙe lokaci yakan mutu, kuma kwanan wata mara daidai yana hana haɗuwa da rumbun Microsoft.

Na huɗu, a gyara tsohuwar manhajar kanta. A akwatin umarni da aka buɗe da ikon mai gudanarwa, umarnin DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth da kuma sfc /scannow suna gano fayilolin tsarin da suka lalace su maye gurbinsu. Idan rumbun ajiya yana ƙara ko yana yawan tsayawa, matsalar ta ƙarfe ce, kuma sabuntawa za ta ƙara masa wahala ne kawai.

Na biyar, idan za a sake gwadawa, a yi da kwafin da aka sauke daga shafin Microsoft. Kamfanin yana wallafa wata doguwar lambar tantancewa ga kowane kwafi, kuma umarnin Get-FileHash yana nuna ko wanda ke hannu ya yi daidai da ita. Kwafi ɗaya da aka tantance ya isa shaguna da yawa su yi amfani da shi, kuɗin data ya ragu.

Idan bincike ya nuna zubin gwaji ne na sahun gaba, gaskiyar ita ce sabuwar ɗorawa ta zama dole. Bambancin shi ne a yi ta bayan an kwashe bayanai an kuma buɗe su a wata na'ura an ga suna aiki. Wanda ke rukunin Beta ko Release Preview yana iya zaɓar ficewa daga shirin a cikin saiti, ya jira fitowar gamammen zubi na gaba.

Makullin da mutane ba su san suna da shi ba

Akwai abin da ke iya rushe dukan matakan nan. Kwamfutoci da yawa suna kulle rumbun ajiyarsu da tsarin BitLocker, kuma tun daga zubin 24H2 na Windows 11 kullewar takan kunnu da kanta a sabuwar ɗorawa idan aka shiga da asusun Microsoft. Yayin da komai ke tafiya daidai ba a jin ta. Ranar da sabuntawa ta gaza, ko aka taɓa saitin tashin na'ura, sai allo ya nemi makullin ceto mai lambobi 48.

Makullin yana ajiye ne a asusun da aka fara shiga na'urar da shi. Idan mai gyara ya sa nasa asusun don ya gama da wuri, makullin yana hannunsa. Idan kwamfutar hannu ce da ba a sake ɗora mata manhaja ba, yana iya kasancewa a asusun wani kamfani da ke wata nahiya. Babu makulli, babu bayanai, kuma Microsoft ma ba ya iya ƙirƙiro shi. Don haka tun na'urar tana lafiya a nemo shi a rubuta a takarda.

Ga mai shago, abin ya haɗa da doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane alhakin kare su daga ɓata ko faɗawa hannun da bai dace ba. Ta kuma wajabta sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan.

Wanda na'urarsa ba ta cancanta ba fa?

Yana da zaɓi uku, kowanne da farashinsa. Microsoft ya buɗe shirin ƙarin facin tsaro ga Windows 10 zubin 22H2 har zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Kuɗinsa dala 30, amma ana samunsa kyauta idan mutum ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft. Zaɓi na biyu shi ne komawa manhajar kyauta irin su Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda ke tafiya da kyau a tsofaffin na'urori, sai dai wasu manhajojin zane da buga takardu da shaguna suka saba da su ba sa aiki a kansu kai tsaye. Na uku shi ne ɗora Windows 11 ta bayan gida, da sanin cewa kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko da faci ba, kuma kowane zubi na gida wata 24 ake kula da shi.

Zama babu faci kwata-kwata shi ne mafi muni. A watan Mayu na 2017, manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150 ta wata kafa da aka riga aka fitar da facinta, har ta durƙusar da asibitoci a Ingila.

Daga shagon unguwa zuwa hukumomin ƙasa

Ka'idojin da ke kare kwamfutar shago su ne ke kare na'urorin da makomar miliyoyin 'yan Najeriya ta rataya a kansu, kuma an ga abin da ke biyo baya idan aka yi sakaci da su.

Ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fashe da kuka a gaban manema labarai yayin da yake amsa cewa kuskuren na'ura ya taɓa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas. Bayanin hukumar shi ne an yi wa manhajar jarrabawa faci, amma ɗaya daga kamfanonin da ke yi mata aiki bai kai shi ga dukan na'urorin ba. Katsina ba ta cikin jihohin da abin ya shafa, sai dai ɗalibanta hukuma ɗaya ke yi musu jarrabawa. Ba a kama kuskuren kafin fitar da sakamako ba. Sai da ɗalibai da iyaye suka yi ca sannan aka sake bincike.

Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC ya karɓi sakamakon 'yan majalisa, amma ya ƙi karɓar na shugaban ƙasa. A rahoton da ta fitar a Fabrairun 2024, hukumar ta ce manhajar tana jera sakamako ne a ƙarƙashin jihohi, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa bai rataya ga jiha ɗaya ba, sai ta kasa samar masa wurin ajiya. Aka riƙa yi mata facin gaggawa ana tsakiyar zaɓe, kuma takardar farko ba ta hau ba sai ƙarfe 8:55 na dare. An fara amfani da shafin ne a zaɓen cike gurbi na Nasarawa a watan Agustan 2020, don haka ranar ce karon farko da ya fuskanci zaɓen shugaban ƙasa. Jam'iyyun adawa ba su yarda da bayanin ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen ranar 26 ga Oktoba, 2023, amma amincin da ya zube a daren bai dawo da hukuncin kotu ba.

Ko a ƙasashen da suka ci gaba abin yana faruwa. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani sabuntawa mara kyau daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, ya tsayar da jiragen sama da bankuna. An aika shi ga kowa a lokaci guda maimakon a fara da kaɗan a ga yadda zai kasance.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, kuma jarrabawa da rancen karatu da ɗaukar aiki ke ƙara komawa kan kwamfuta, akwai tambayoyi huɗu da matasa ke da haƙƙin yi wa kowace hukuma mai shirin sauya manhaja. An gwada ta a kan irin aikin da za ta yi ranar, da irin nauyinsa? An fara da ƙaramin rukuni kafin a game kowa? Akwai hanyar komawa tsohon tsari idan sabon ya gaza? Wa zai ga rubutaccen tarihin abin da na'urar ta yi, kuma yaushe za a bayyana shi ga jama'a?

Mai shago a Ƙofar Sauri yana iya amsa nasa ɓangaren tun yau, kafin ranar da allo zai tsaya. Ya rubuta winver ya san abin da ke kan na'urarsa, ya kwafe takardun jama'a zuwa wuri na biyu, ya nemo makullin nan mai lambobi 48 ya adana. Idan kuma ta kai shi ga teburin mai gyara, ya nemi a faɗa masa lambar kuskuren da ma'anarta kafin ya yarda a shafe komai.